Darasin Kimiyya: Halittun da Ke Cin Amoniya a Ƙarƙashin Ƙanƙarar Teku

Ɗalibai, duk wanda ya taɓa shiga akurkin kaji da aka kwana biyu ba a share ba, ko ya tsaya kusa da turken awaki, ko ya bi ta wani lungu da matafiya ke tsugunawa a gefen gadar Kwangila ta Zariya da tsakar rana, ya san zarni. Warin nan da ke hawa kai har ido ya kawo ruwa iska ce mai suna amoniya, wadda ake rubutawa NH3, wato ƙwayar naitirojin ɗaya riƙe da haidirojin uku. Darasinmu na yau a kan wasu halittu ne da ido ba ya gani, waɗanda da wannan iska suke rayuwa. Za mu bi su har gaɓar tekun Antatika da ta Atik, domin a can halinsu ya fi fitowa fili. Sannan mu dawo Zariya, inda danginsu ke da hannu a makomar takin da iyayenmu ke saya kowace damina.

Daga ina amoniya take, ina kuma take zuwa

Kashi 78 cikin ɗari na iskar da muke shaƙa naitirojin ce, amma a wannan siffa tsiro da dabba ba sa iya amfani da ita, don ƙwayoyinta sun ƙulle da juna biyu-biyu tamau. Bakteriyar da ke cikin ƙululun saiwar wake da gyaɗa da waken suya tana kwance wannan ƙulli ta samar da amoniya. Ɗan Adam ma ya koyi yin haka: a 1913 masana'antar farko mai bin hanyar Haber da Bosch ta fara aiki a Jamus, kuma wannan hanya ce har yau ake bi a Eleme da Onne da Lekki wajen yin takin yuriya. Ɗaya hanyar ita ce ruɓewa. Ganye, mushe, kashi, fitsari, duk suna sakin amoniya idan suka lalace. Fitsari yana ɗauke da yuriya, irin wadda ke cikin buhu, kuma ƙananan halittu suna da wani inzayim da ke fasa ta ta koma amoniya da iskar kabon. Kashi 46 cikin ɗari na takin yuriya naitirojin ce, saboda haka buhu mai kilo 50 yana ɗauke da kilo 23.

Idan amoniya ta shiga ruwa takan kasu gida biyu. Wani kaso ya zauna a NH3, wani ya karɓi ƙarin haidirojin ya zama amoniyam, NH4+, mai cajin tarawa. Gwargwadon tsamin ruwa, gwargwadon yawan da ke komawa amoniyam. Ku riƙe wannan, zai yi mana amfani nan gaba.

Daga nan sai matakai biyu. Na farko, amoniya ta haɗu da oksijin ta zama naitirait, NO2−, a saki ruwa da ɗan tsami. Na biyu, naitirait ta ƙara karɓar oksijin ta zama naitiret, NO3−. Na farkon ne mai nawa, shi ke ƙayyade saurin tafiyar gaba ɗaya, kuma masu yin sa su ne batunmu. Idan na ce suna cin amoniya, ina nufin suna ƙona ta a hankali da oksijin su ciri ƙarfi. Da wannan ƙarfi suke gina jikinsu daga iskar kabon da ta narke a ruwa. Tsiro ma daga iskar kabon yake gina jiki, amma sai da hasken rana. Waɗannan ba ruwansu da rana.

Yadda aka gano masu aikin

A 1877 wasu Faransawa biyu, Schloesing da Müntz, suka cika wani dogon bututu da yashi da alli, suka riƙa zuba ruwan kwata daga sama. Kusan kwana ashirin amoniya ke fitowa ta ƙasa yadda ta shiga, sannan sai ta ɓace, naitiret ta bayyana. Da suka busa tururin kulorofom cikin bututun, aikin ya tsaya cak. Da suka zuba ruwan da aka dama da ƙasar lambu, ya ci gaba. Abin da guba ke tsayarwa, iri kuma ya farfaɗo da shi, aikin mai rai ne. A 1890 wani ɗan Rasha, Sergei Winogradsky, yana aiki a Zurik, ya raini masu aikin a ruwan da babu abinci ko kaɗan sai gishirin amoniya da ma'adinai. Daga aikinsa muka san Nitrosomonas mai matakin farko da Nitrobacter mai na biyu, dukansu bakteriya.

Fiye da shekara ɗari littattafai suna tsaye a kan haka. Sai dai lissafi bai cika ba a teku. An auna an ga ana juya amoniya a ko'ina cikin ruwan teku, amma bakteriyar da aka sani kaɗan ce a ciki, kuma amoniyar da ke ruwan ta yi ƙarancin da ba za ta ƙosar da ita ba.

Warware wannan ya biyo ta wata ƙofa daban. A 1977 Carl Woese na Amurka ya nuna cewa akwai wani babban reshe na halittu masu ƙwaya ɗaya da suka yi kama da bakteriya a ido amma asalinsu daban ne. Su ne arkiya. Da farko an ɗauka wuraren wahala kawai suke zama: maɓuɓɓugar ruwan zafi, tafkin gishiri, tumbin saniya. A 1992 Edward DeLong da Jed Fuhrman, kowa da tawagarsa, suka ci karo da alamarsu a ruwan teku na yau da kullum. Ba rainon su suka yi ba. Ruwa suka tace da matata mai ƙananan ƙofofi, suka ciro kayan gado daga abin da ya maƙale, suka karanta. A 1994 DeLong da abokan aikinsa suka ba da rahoton ruwan gaɓar Antatika, kusa da tashar bincike ta Palmer da ke tsibirin Anvers: a wasu samfuran da aka ɗiba a ƙarshen lokacin sanyi, kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙananan halittu marasa cibiyar ƙwaya arkiya ne. Ga su nan birjik a ruwan da ke gab da daskarewa, amma ba wanda ya san abin da suke ci.

A 2004, cikin tarin DNA da aka karanta daga Tekun Sargasso, aka ga ƙwayar gadon da ake kira amoA, mai tsara wani ɓangare na inzayim ɗin da ke kama amoniya, a jikin wani yanki na gadon arkiya. A 2005 Martin Könneke da abokan aikinsa a ɗakin binciken David Stahl suka raba gardama: suka raini ɗaya daga cikinsu daga tsakuwar wani tankin kifi a gidan kallon kifaye na birnin Siyatil, suka sa masa suna Nitrosopumilus maritimus. Tsawonsa bai kai maikuron ɗaya ba, sai an jera fiye da dubu kafin su cika milimita guda. Abincinsa amoniya.

Abin da ya fi ba ni sha'awa game da shi ya fito a 2009. An auna an ga yana iya tsintar amoniya ko da ta ragu zuwa nanomola 10 a lita. Mu fassara wannan da abin da muke gani kullum: giram ɗaya na amoniyam a cikin lita miliyan biyar da rabi na ruwa, wato cikin tankokin mai fiye da 160 irin masu lita 33,000 da ke hawa gadar Kwangila. Bakteriyar Winogradsky da aka saba raino ba ta iya kama komai a irin wannan ruwa. Arkiya an gina ta ne don zaman talauci: ƙaramin jiki mai faɗin fata idan aka kwatanta da cikinsa, hanyar gina jiki daga kabon da ta fi duk wata da aka sani a masu shaƙar oksijin tsimin ƙarfi, da haƙurin girma. Ko a ɗakin bincike takan ɗauki kusan yini guda kafin ta rabu biyu, alhali bakteriyar hanjinmu kan yi haka cikin minti ashirin.

Me ya sa lokacin sanyi ne kakarsu

Ruwan teku, saboda gishiri, ba ya daskarewa sai ya kai digiri 1.9 ƙasa da sifiri. Ƙanƙara takan rufe sama, ruwa ya zauna a ƙarƙashi. A garin Utqiagvik na Alaska, wanda a da ake kira Barrow, rana takan faɗi a tsakiyar Nuwamba ba ta sake fitowa sai ƙarshen Janairu. A Palmer ba a kai haka ba, rana tana leƙowa na 'yan sa'o'i ko a tsakiyar sanyi, amma ƙanƙara da gajimare suna tare mafi yawan hasken. Ku lura kuma cewa lokutan biyu a juye suke. Sanyin Atik yana zuwa ne tare da hunturunmu, na Antatika kuma a watannin Yuni zuwa Agusta, lokacin da manoman Zariya ke sa wa masara taki.

Hankali zai ba mutum cewa a irin wannan duhu da sanyi komai zai kwanta. Awo ya nuna akasin haka. A 1998 Alison Murray da abokan aikinta suka nuna cewa arkiyar saman ruwa kusa da Anvers tana da yawa a ƙarshen sanyi, tana raguwa sosai da zarar bazarar can ta shigo. A 2011 wani bincike a gaɓar Barrow ya kwatanta lokacin sanyi da bazarar can: ƙwayar gadon amoA ta ninka aƙalla sau 30 a lokacin sanyi, saurin juya amoniya kuma ya ninka fiye da sau 20.

Dalili na farko gasa ce. Da rana ta dawo ƙanƙara ta narke, ƙananan tsirran ruwa dangin gansakuka sukan yi toho lokaci guda har ruwa ya sauya launi. Su ma amoniyam suka fi so a kan naitiret, don ta fi sauƙin sarrafawa, kuma da ƙarfin rana a bayansu sun fi arkiya saurin yaɗuwa nesa ba kusa ba. Idan duhu ya zo suka mutu, gawarsu ta ruɓe ta saki amoniya, fili ya zama na arkiya ita kaɗai. Na biyu, haske da kansa yana danne aikin, an gwada an gani a ɗakin bincike ga arkiya da bakteriya duka. Na uku yana da alaƙa da na biyu: hasken rana a kan ruwan teku yana haifar da ɗan haidirojin feroksaid, ruwan nan da ake wanke rauni da shi yana kumfa, kuma yawancin waɗannan arkiya ba su da inzayim ɗin da ke karya shi. Waɗanda aka gwada daga Tekun Kudu, mai kewaye da Antatika, sun nuna rauni ƙwarai a gabansa. Akwai kuma motsin ruwa: a lokacin sanyi ruwan sama yana yin nauyi ya nitse, na ƙasa ya taso da arkiyar da ke cikinsa. Shi ya sa ko a bazarar Antatika, idan aka zura kwalbar ɗiban ruwa ƙasa da inda haske ke kaiwa, cikin ragowar ruwan sanyin da ya wuce, ana samun su da yawa. Ba ƙarewa suka yi ba, saman ne kawai suka bari.

Wani ɗalibi zai ce: Malam, idan amoniyar ta yi ƙaranci ko a lokacin sanyin fa? A 2012 Laura Alonso-Sáez da tawagarta, waɗanda suka yi aiki da samfuran da aka ɗiba daga jirgin fasa ƙanƙara na Kanada mai suna Amundsen a Tekun Beaufort, suka tarar arkiyar can da yawa suna ɗauke da ƙwayar gadon fasa yuriya. Ƙananan dabbobin ruwa suna fitar da yuriya, arkiya ta fasa ta, ta samu amoniyar ƙonawa da kabon ɗin gina jiki a lokaci guda.

Amfanin wannan aiki ya bambanta tsakanin kudu da arewa. A Tekun Kudu naitiret tana da yawa tun asali, don ruwan ƙasa yana tasowa da ita, abin da tsirran ruwa suka fi rasa shi ne sinadarin ƙarfe. A Atik kuwa naitirojin ce ke ƙarewa da wuri, saboda haka kowace siffa da take ciki da lokacin da take samuwa suna shafar yawan tohon bazara, wanda ƙananan jatan lande da kifi da tsuntsaye da manyan dabbobin teku suka dogara da shi. Naitiret ɗin da aka samar a laka ta gaɓa kuma wasu bakteriya suna mayar da ita iskar naitirojin ta koma sama, teku ya yi asararta. Arkiya tana da wata kyauta ga abokan gasarta: tana cikin manyan masu samar da bitamin B12 a teku, wanda tsirran ruwa da yawa ke buƙata amma ba sa iya yi. Tana kuma da illa. A 2011 Alyson Santoro ta nuna cewa arkiyar teku tana fitar da naitiros oksaid, iskar da ta fi iskar kabon riƙe zafi kusan sau 270 a tsawon shekara ɗari.

Abu biyu suna sauyawa a can yanzu. Tun 1979 yankin Atik yana ɗumama kusan ninki huɗu na matsakaicin duniya, ƙanƙara tana narkewa da wuri, haske yana shiga ruwa na tsawon lokaci, wanda ke ƙara wa tsirran ruwa kwanaki ya rage wa arkiya. Sannan ruwan sanyi ya fi shan iskar kabon, yana ƙara tsami. Kun tuna abin da na ce ku riƙe: tsami yana mayar da amoniya amoniyam. Gwaje-gwajen da aka buga a 2011 a tekun Fasifik da Atlantika sun nuna aikin yana raguwa idan aka ƙara wa ruwan tsami.

Mu dawo gonakin Zariya

A can duhu ne ke buɗe kakar aiki, a nan ruwan sama ne. Daga Nuwamba zuwa Afrilu ƙasa tana bushe, ƙananan halittu sun lafa, tarkacen da ya mutu yana jibge. Ruwan farko yana sauka sai ruɓewa ta tashi da ƙarfi, amoniya ta fito, masu cin ta su bi, naitiret ta taru cikin 'yan makonni. H. F. Birch ya bayyana wannan a Gabashin Afirka a 1958, kuma Alan Wild ya bi diddigin tafiyar naitiret a ƙasar Samaru a aikin da ya buga a 1972. Manomin da ke gaggawar shuka da ruwan farko yana kama wannan takin kyauta ne. Wanda ya makara, ruwa ya riga shi.

Dalilin wankewar caji ne. Ƙwayoyin yumɓu da na ruɓaɓɓen ganye suna da cajin ragewa, don haka suna riƙe amoniyam mai cajin tarawa. Naitiret cajinta irin nasu ne, ba sa riƙe ta, sai ta bi ruwa. Da mamakon Agusta takan gangara ƙasa da inda saiwar masara ke kaiwa, ta shiga rijiya, ko ta bi rafin Kubanni zuwa kogin Galma, zuwa Kogin Kaduna, zuwa Neja, har Atlantika. Wannan ne hikimar abin da malaman gona ke nanatawa: a raba yuriya kashi biyu, a tona a binne ta kusa da gindi. Wadda aka watsa a sama wani kasonta yana tashi iska tun kafin ya shiga ƙasa. Game da rijiya, Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar miligiram 50 na naitiret a lita, saboda jarirai: a jikinsu tana iya hana jini ɗaukar oksijin.

Tsamin da matakin farko ke saki ma yana taruwa. A filayen gwaji na dogon zango da aka fara a Samaru a 1950, inda ake kwatanta takin gargajiya da na zamani, an ga yadda yawan sa gishirin amoniyam salfet shekara da shekaru ke sa ƙasa tsami, takin dabbobi kuma yana sassauta hakan.

Su wa ke aikin a ƙasa? Wani bincike na 2006 ya nuna cewa a cikin masu cin amoniya, arkiya ta fi bakteriya yawa a nau'o'in ƙasa iri-iri da aka gwada. Amma idan aka zuba taki da yawa, bakteriya ce ke yin ƙarfi, kuma ta fi arkiya fitar da naitiros oksaid. Masu kiwon tarwaɗa sun san wani gefen labarin: a sabon tanki amoniya kan taru ta galabaitar da kifi, sai santsin da ke kama tsakuwar matata ya kafu ruwa ke daidaita. Wanda ya wanke wannan tsakuwa da bilic ya kashe masu yi masa aiki.

Ana iya rage musu sauri don amoniyam ta daɗe a gona. Man 'ya'yan darbejiya yana yin haka, kuma tun 2015 Indiya ta wajabta shafa shi a jikin yuriyar da ake sarrafawa a ƙasar. Saiwar dawa ma tana fitar da wani sinadari mai suna sogoliyon da ke danne masu cin amoniya a kewayenta. Darbejiya tana kowane titi a Zariya, dawa abincinmu ce, Cibiyar Binciken Aikin Gona tana Samaru, tafiyar 'yan mintuna daga Kwangila. A ganina wannan fage ne da ya dace wasu daga cikinku su riƙe idan kun shiga jami'a: wane irin dawarmu ne ya fi wannan ƙarfi, kuma su wane ne ke cin amoniya a jigawa, su wane ne a fadamar Galma.

Aikin gida

Za ku maimaita gwajin 1877 ba tare da kulorofom ba. Ku ɗebo ƙasar lambu mai laima, ku raba ta biyu. Kashi ɗaya ku turara shi a tukunya na sa'a guda ya huce, ɗayan ku bar shi yadda yake. Ku zuba kowanne a gwangwani mai tsabta da aka huda gindinsa, ku wanke su da ruwa sau biyu don fitar da tsohuwar naitiret. Ku narka rubu'in ƙaramin cokali na amoniyam salfet a lita ɗaya ta ruwan da aka tafasa ya huce, ku jiƙa kowane gwangwani da kofi guda, ku rufe da takarda, ku ajiye a inuwa. Kada ƙasar ta bushe, kada kuma ta jiƙe sharkaf, don masu aikin suna buƙatar oksijin. Kowane mako ku zuba ɗan ruwa, ku tari abin da ya ɗigo, ku gwada shi da takardar awon naitirait da naitiret irin ta masu kiwon kifi. Ku rubuta sakamakon makonni huɗu a jadawali, ku nuna a wane gwangwani naitirait ta fara bayyana, da makon da naitiret ta biyo ta.